Sista Ina-Zuwa

Akwai kalmomi biyu da na fi furtawa a bakin aiki fiye da sallama, kuma ina jin da za a ɗora su a mizani ranar hisabi, su kaɗai sun isa su sa ni gumi. Kalmomin su ne "ina zuwa". Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati, na daɗe a aikin har na kai matsayin da ake turo mini ɗalibai in koya musu, kuma a tsawon wannan lokaci na yi wa mata ba adadi alkawarin zuwa. Waɗansu an sallame su, waɗansu sun sake haihuwa har sun yaye, ni kuwa har yau ban iso ba. Tela ana jajibirin Sallah ya fi ni cika alkawari, don shi ko ba jima ko ba daɗe zai miƙo maka ɗinkinka.

Kada a ɗauka raguwa ce ni. Idan aikin hannu ne, a tambayi kowa. Jijiyar da ta ɓuya a hannun tsohuwar da gudawa ta tsotse, ni ake kira in lalubo ta. Wankin ciwo, sa robar fitsari, juya wadda jikinta ya shanye don kada kwanciya ta ci mata baya, duk ba na ƙyashi ba na ƙyama. Jini ba ya firgita ni, wari ba ya korata. Abin da ke korata murya ce. Akwai wata irin murya da mara lafiya kan saukar, bayan ta waiga ta tabbata mai jinyarta ta fita alwala, ta ce, "Sista, don Allah in tambaye ki mana." Da na ji wannan muryar, ƙafata ta riga kaina yanke shawara.

Abin dariyar shi ne, duk asibitinmu ba wanda ya kai ni sanin ra'o'in kulawa da marasa lafiya. Tun wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanan aikin jinya, galibinsu matan Amurka, suke ta rubutu don su fayyace abin da ya raba nas da injin raba magani. Jean Watson ta Jami'ar Kolorado ta fitar da nata ra'in a 1979, ta jera ginshiƙai 10 da ta ce a kansu kulawa take tsaye. Ko daga barci aka tashe ni zan zayyano su a jere ban tsallake ɗaya ba. Na biyar ɗinsu, wanda na fi ƙauna a aji, shi ne nas ta ba mara lafiya fili ya amayar da abin da ke ransa, mai daɗi da mai ɗaci, ta kuma karɓa ba tare da ta toshe masa baki ba. Idan na zo kansa a taron bita nakan rage murya, in dafa ƙirji, in bar hoton ya daɗe a majigi. Na sha ganin ɗalibai suna share ƙwalla. Wata har ta taɓa biyo ni bayan an tashi, ta ce tana roƙon Allah Ya sa ta zama irina. Na ce mata amin, da bakin nan nawa.

Da yake na ƙware, ba kullum nake gudu da ƙafa ba. Ina da dabarun gudu a tsaye. Ta farko ledar ƙarin ruwa ce. Da mace ta fara, "Wallahi Sista, tun da aka yi mini kishiya," sai hannuna ya kai kan 'yar tayar nan da ake murzawa a rage gudun ruwa ko a ƙara. In ɗaga kai in ƙura wa ɗigon ido, in dubi agogo, leɓena na motsi. Ruwan yana tafiya daidai tun ɗazu, ni ce ma na saita shi, amma wa zai ci gaba da zancen kishiya a gaban mai ƙirga ɗigo? Ta biyu abin awon jini ne. In naɗa mata a dantse, in toshe kunnuwana da abin sauraren ƙirji, in ce ta yi shiru kada awon ya ɓaci. A nan kam ilimi ma yana bayana, don magana takan ɗaga awo. Har na taɓa jin haushi a raina cewa ma'aunin zafinmu a hammata ake sa shi, ba a baki ba.

Ta uku, wadda ta fi ba ni kunya, addu'a ce. "Sai haƙuri, Allah Ya ba da lafiya." Addu'ar ba ta da laifi, kuma babu mara lafiyar da ba ta buƙatarta. Laifin yana ga inda nake sako ta: a tsakiyar maganar mutum, na riga na juya baya. Wa zai ƙi cewa amin? Da ta ce amin kuwa zance ya rufu, ni kuma na kai gado na gaba. Sai duk waɗannan sun ƙi ci ne nake zaro babban makamin, "ina zuwa".

Na daɗe ina zaton asirina a rufe yake, sai ranar da na ji wata mai jinya tana tambayar 'yar uwarta a baranda, "Wace Sistar? Doguwar, ko Ina-Zuwa?" Ni ba doguwa ba ce. A gida ma abin ya bi ni. Autana ya kira ni in duba masa aikin makaranta, na ce ina zuwa, ya ɗago kai ya ce, "Mama, zuwan gaske ko na asibiti?"

Wani dare aka kwantar da wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ɓari ta yi, kuma ba shi ne na farko ba. An yi mata wankin ciki, jini ya tsaya, awonta lafiya lau. A takarda dai ta warke. Uwar mijinta ce ke jinyarta, tana kwance a tabarma a gindin gado. Can tsakar dare, tsohuwar ta yi nisa a barci, na zo wucewa sai yarinyar ta kama gefen rigata da yatsu biyu, ta ce cikin raɗa, "Sista, wai daka ne ya jawo? Sun ce dakan da na yi ne." Na dubi fuskarta, na dubi ledar ruwa. Ledar ta kusa ƙarewa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ce bari in ɗauko wata. Na ɗauko ɗin, amma sai na miƙa wa ɗalibar da ke tare da ni ta je ta sauya, ni kuma na zauna a tebur na buɗe babban littafin rahoto, na shiga rubutu a tsanake.

Shiru-shiru ɗaliba ba ta dawo ba. Da na leƙa sai na same ta a kan kujerar roba, ta ja labule rabi, yarinyar na kuka ƙasa-ƙasa cikin mayafi, ita kuma tana zaune kawai, hannayenta a cinya. Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da kan taso wa mutum idan ya ga wani yana yin abin da ya san shi ya kamata ya yi. Na yafito ta waje, na ce nan ba dandalin hira ba ne. Ta gama awon ƙarfe biyu? Ta gama. Ta rubuta? Ta rubuta. Allurar mai gadon ƙarshe fa? Ta yi mata. To zaman me take yi?

Ta sunkuyar da kai, ta ce cikin ladabi, "Malama, mataki na biyu ne. Kasancewa tare."

Ni na koya mata. Kristen Swanson, wadda ta yi karatu a hannun Watson, ta fitar da nata ra'in a 1991, ta kasa kulawa kashi biyar, kuma haka na jera musu a allo: ka fahimci halin da mutum yake ciki yadda shi yake jin sa, ka kasance tare da shi, ka yi masa abin da zai yi wa kansa da yana iyawa, ka ba shi bayani da tallafin da zai tsallake halin da kansa, ka riƙe yaƙinin cewa zai iya tsallakewa. Swanson kuwa ta fara gina ra'in ne daga hirarrakin da ta yi da matan da suka yi ɓari. Wato dai saboda irin yarinyar da ke bayan labulen aka rubuta shi. Ni zakara ce a kashi na uku. Na biyun ne nake tsallakewa, in bar wa majigi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san amsar tambayarta. Aikin gida na yau da kullum ba shi ke zubar da ƙaramin ciki ba. Kusan rabin ɓarin watannin farko yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun daga haɗuwarsa, abin da uwa ba ta da hannu a ciki, kuma wadda abin ya maimaitu gare ta ya kamata a yi mata bincike. Abin da ɗalibar ta gaya mata ke nan, cikin Hausa mai sauƙi, sannan ta yi shiru ta bar ta ta yi kukanta. Yarinyar nan ta shigo asibiti ɗauke da laifin da aka aza mata a gida, maganar minti ɗaya ta ishe ta ta sauke, ni kuwa na tafi neman leda. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na gyara murya na ce wa ɗalibar ta yi daidai, daman gwada ta nake yi.

Mai ilimi ba ya rasa mafaka. Maimakon in koma bakin gado, sai na koma littattafai neman lauya, na kuwa samu. Ta farko Isabel Menzies, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta nazarci ma'aikatan jinya a wani babban asibitin koyarwa na Landan, ta buga sakamakon a 1960. Ta lura cewa zama kusa da ciwo da mutuwa kullum yana jefa ma'aikata cikin fargabar da ta fi ƙarfinsu, sai tsarin aikin kansa ya gina musu katanga. A yanka aiki gunduwa-gunduwa, wannan ta bi gadaje da ma'aunin zafi, waccan ta bi da magani, ta yadda ba mai daɗewa da mutum ɗaya har ta san shi. A riƙa kiran mara lafiya da lambar gadonsa ko sunan cutarsa. A yaba wa wadda ba ta nuna damuwa. Da na karanta sai na ji sanyi a raina. Ashe ciwon nawa Turawa sun riga ni yi, tun ba a haife ni ba.

Ta biyu Carla Joinson, ita ma nas ce, wadda a 1992 ta yi rubutu a kan gajiyar tausayi, wato yadda zuciyar mai kula da masu wahala kan dakushe saboda yawan abin da take gani. Na ɗauki sunan na rataya a wuya, don ya fi "rashin kirki" daɗin ji nesa ba kusa ba. Ta uku Linda Aiken, wadda a 2002 ita da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Wannan kam na riƙa ambatonsa a duk taron da aka ba ni lasifika.

Kuma gaskiya ne, idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai daren da mu biyu ne a kan ɗaki cike, har da na ƙasa a katifa, an ɗauke wuta, ana neman jijiya da fitilar waya, abokan aikinmu kuwa sai ficewa suke zuwa Ingila da Saudiyya. A irin wannan dare, wanda ya ce nas ta zauna ta saurari tarihin auren kowa bai san aikin ba. Duk shugaban da ke tura mu bita kan tausayi alhali bai ƙara mana ko ma'aikaciya ɗaya ba, da ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Sai dai lauyoyin nan ba su san daren yarinyar ba, ni na san shi. Rabin gadajen babu kowa, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba, kuma da na gama rahoton har na samu sukunin duba atamfofin da wata ke tallatawa a WhatsApp. Ana cikin haka na ci karo da wani bincike da aka buga a Amurka a 1999, wanda da na sani ban karanta ba. An nuna wa mata, cikinsu har da waɗanda suka yi fama da sankarar mama, bidiyon likita yana yi wa mara lafiya bayani. A bidiyon da aka nuna wa wani rukuni an ƙara 'yan kalmomin tausayawa da ba su wuce na daƙiƙa 40 ba, sai aka ga fargabar wannan rukuni ta fi sauka. Zaɓen atamfa ɗaya ya fi daƙiƙa 40 cin lokaci.

Nakan lallashi kaina da cewa ban taɓa marin kowa ba, ban taɓa zagi ba. Ba ƙaramin abu ba ne, don wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana, Gini, Myanmar da Najeriya, wanda aka buga a 2019, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka tambaya sun gamu da duka, zagi, tsangwama ko wariya a ɗakin haihuwa, kuma mata masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su yi karatu ba sun fi ɗanɗanawa. Ni ba na cikin masu wannan, alhamdu lillahi. Ni da murmushi nake watsar da mutum. Amma abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009 ya hana ni sakewa. Binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 2013 da shawarwari 290, ya tono labarin ƙararrawar kira da ba a amsawa, da ruwan sha da aka ajiye inda hannu ba ya kai, da tsofaffi kwance cikin ƙazantarsu suna jiran taimako. Ba na shakka cikin masu wucewa ta gaban waɗannan gadaje akwai masu ladabi irina. Ana tsakiyar dambarwar, a 2012, hukumomin jinya na Ingila suka fito da ɗabi'u shida da suke so kowace nas ta riƙe: kulawa, tausayi, ƙwarewa, iya magana da mutane, ƙarfin hali da sadaukarwa. Kun san abin da na yi da su. Na haddace, na ƙara a majigi.

In za a bi ta gaskiya, tsoro ne ke ɗawainiya da ni. Ina son matsalar da ke da awo da magani: zazzaɓi ya hau, a ba da kaza, a dawo a duba. Kukan wadda mijinta bai leƙo ta ba tun da aka kwantar da ita ba shi da allura, kuma tsayuwa a gabansa hannu rabbana yana sa in ji ni ba kowa ba ce, duk da farar rigar da takardun. Ga kuma tarbiyya. A kan dauriya aka raine mu, macen da ta haihu ba a ji muryarta ba ita ake yaba wa. Ina tsoron in na zauna, nawa hawayen ya zubo a gaban ɗalibai.

Har Madeleine Leininger na jawo cikin kariyar kaina. Ita ce nas ɗin da ta zauna da mutanen Gadsup a tsaunukan Niyu Gini a shekarun 1960, ta dawo tana koyar da cewa kulawar da ba ta dace da al'adar mutane ba ba ta kai musu. Sai na ce to madalla, a al'adarmu ai ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Ga mai jinya a gindin gado, ga 'yan dubiya da kwanukan abinci da filas ɗin kunu. Lallashi na dangi ne, nawa allura. Na daɗe ina faɗin haka har na yarda da kaina. Amma da na dubi al'adar da kyau, yadda Leininger ta ce a duba, sai hujjar ta juyo kaina. Wadda ke kwance a tabarmar nan sau da yawa uwar miji ce, ko yayarsa, ko uwa mahaifiya wadda kunya ba ta bari a yi wasu zantuka da ita. Abin da mace ke son tambaya, ko zan sake haihuwa, ko cutar nan daga wurinsa na samo ta, ko ƙullun nan na mama shi ne wancan ciwon, su ne daidai abubuwan da ba za ta furta a gaban dangi ba. Baƙuwa take nema, wadda ta san jiki, wadda kuma ba za ta kai zancen gidan suna ba. A duk ɗakin ni ce na cika sharuɗɗan, shi ya sa take jira sai an fita alwala.

Na fara 'yan gyare-gyare. Wata likita a Ingila, Kate Granger, da ciwon daji ya kwantar da ita, ta lura ma'aikata da yawa suna taɓa jikinta ba su ko gaya mata sunansu ba, sai ta fara kamfe a 2013 cewa kowa ya fara da gabatar da kansa, ta ci gaba da shi har ta rasu a 2016. Na ara. Yanzu nakan faɗi sunana, abin da ya jawo da sunan ake nemana idan na ɓace. Nakan zuba hannuwana a aljihu da zarar an saukar da murya. Idan da gaske ba ni da lokaci, nakan faɗi lokacin da zan dawo, "in na gama rabon maganin ƙarfe goma", in rubuta lambar gadon a bayan hannuna da biro.

Ranar da na fara gwada zama, na zaɓi wata tsohuwa mai ciwon suga da ke yawan kallon silin. Na jawo kujera daidai fuskarta, na sassauta murya na ce, "Iya, akwai abin da ke damunki da kike son gaya mini?" Ta daɗe tana kallona. Na ce a raina ga shi nan tafe, lokacin nan da Watson ta siffanta, inda zuciyar mai jinya ke haɗuwa da ta mara lafiya. Can ta nisa ta ce, "'Yar nan, kin tare mini fanka."

Na matsa. Amma washegari ita ta yafito ni. Ashe tun zagayen likitoci, da suka tsaya a kan ƙafarta suna Turanci suna girgiza kai, ta yanke wa kanta hukuncin cewa yanke ƙafar za a yi, ta kwana biyu ba ta runtsa ba, ba ta kuma gaya wa 'ya'yanta ba don kada ta tayar musu da hankali. Canjin magani suke tattaunawa. Na yi mata bayani, ta ɗora da labarin marigayi mijinta da yadda nasa ciwon ya fara, na zauna har ta dire. A tsakiyar labarin hannuna ya suɓuce daga aljihu ya nufi sama yana laluben leda, sai na tuna ba a ma sa mata ruwa ba.

Ban warke ba. Har yanzu akwai ranar da nakan je wanke hannu in ga lamba a bayansa, in tsaya ina tunanin ko ta jiya ce ko ta yau. Amma labari ya bazu cewa na iya magana a kan tausayi, don haka an gayyace ni in gabatar da lacca ranar 12 ga Mayu, Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820. Na amsa ba tare da jan rai ba. Zan fara da Rufaida Al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina, inda aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan an ji masa rauni a Yaƙin Khandaƙ, in gangaro kan Nightingale tana zagaya gadajen sojoji da fitila a asibitin Scutari, in dire a kan ginshiƙi na biyar, in dafa ƙirji. Shirin yana son natsuwa, don haka na roƙi a karɓar mini aikin dare na wannan makon. Wadda ta yarda ta karɓa ita ce ɗalibar nan, da yanzu ta gama karatu ta kama aiki a ɗakinmu. Ina jin marasa lafiyar ba za su yi asara ba.